Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar Rock and Roll Hall of Fame a kan sunan Bob Welch

Zuwa ga shugabanni da 'yan kwamitin zaɓe,
Rock and Roll Hall of Fame,
Cleveland, jihar Ohio, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

A ƙarshen shekarun 1970 ina yaron shago a wani ɗan shagon juyar kaset a Jos. Maigidana yana da faya-fayan garmaho sun kai kwali shida, yawancinsu ya saye su ne daga hannun Turawan kuza da malaman makaranta masu shirin komawa gida. Mutum zai zo ya zaɓi faifai, mu ɗora allura mu juye masa a kaset, ni kuma in zauna a kan benci da biro ina cike 'yar takardar nan da ke cikin gidan kaset. Maigida yana da doka guda wadda ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Bayan sunayen waƙoƙi, dole in juya bayan kwalin faifan in kwafe sunan duk wanda ya sa hannu a kiɗan, har mai ganga. In na tsallake wani saboda takarda ta cika, sai ya miƙo mini wata ya ce in sake, in ƙanƙanta rubutu. Yakan ce, "Yaro, kwabonmu ba ya isa wurinsu, to aƙalla sunansu ya isa wurin mai saye."

Cikin faya-fayan nan akwai wani na ƙungiyar Fleetwood Mac, Bare Trees, na shekarar 1972. Hoton jikin kwalinsa itatuwa ne ba ganye ko ɗaya, sun nutse cikin hazo, kai ka ce hanyar Bukuru ce da sassafe a tsakiyar hunturu. Ba shi da kasuwa irin ta James Brown ko Bob Marley, a wata guda da ƙyar mutum biyu su neme shi. Ni dai ya shiga raina, in an tashi daga shago nakan roƙi maigida ya bar ni in ɗora shi sau ɗaya kafin a kulle. Sunaye biyar ne a bayansa, kuma na rubuta su har na haddace: Mick Fleetwood, John McVie, Christine McVie, Danny Kirwan, Bob Welch.

Ranar 12 ga Janairu, 1998, a otal ɗin Waldorf-Astoria na birnin New York, kun karrama Fleetwood Mac, kuka shigar da mutum takwas daga cikinta zaurenku na girmama fitattun makaɗa. Huɗu daga cikin sunayen nan biyar suna ciki. Kuka ƙara da Peter Green da Jeremy Spencer na zamanin farko, da Lindsey Buckingham da Stevie Nicks na zamanin baya. Bob Welch kaɗai kuka tsallake, kuma yau fiye da shekara 25 ke nan ba ku sake takardar ba. Dalilin wasiƙata ke nan.

Na san kun fi ni sanin tarihin ƙungiyar, amma ku yi haƙuri in bi shi da ku, domin ina ganin a wajen ba da labarin ne kuskuren ya shigo. Ana ba da shi kamar gida mai hawa biyu: ƙasa Peter Green, sama Buckingham da Nicks, a manta da matakalar.

Green ne ya kafa ƙungiyar a Landan a 1967, bayan ya bar tawagar John Mayall, suka fara fitowa a bikin kiɗa na Windsor a watan Agustan shekarar. Ya yi wani abu da har yau yake ba ni mamaki. A wajenmu tawagar kiɗa sunan mai waƙa take amsawa, ba wanda ya taɓa kiran tawagar Shata da sunan mai kalangu. Shi kuwa Green, wanda shi ne gwanin jita, shi ne mai murya, sai ya ɗauki sunan mai ganga, Fleetwood, ya haɗa da na mai babbar jita, McVie, ya raɗa wa ƙungiyar. A lokacin ma McVie bai yarda ya shigo ba tukuna, wani Bob Brunning ne ya riƙe masa wurin na 'yan makonni. Wannan raɗin suna shi ya tsara duk abin da ya biyo baya. Mutum biyun da ke can baya suka zama ginshiƙai, gaban dandamali kuma ya zama zaure, wannan ya shigo wancan ya fita. Kafin a gama, mutum 18 ne suka amsa sunan ɗan Fleetwood Mac.

Shekaru ukun farko sun zo da nasara. A farkon 1969 wani kiɗansu marar waƙa, Albatross, ya hau matsayi na ɗaya a Ingila. Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Green ya faɗa shan ƙwayar LSD, ya soma cewa dukiya ba ta halatta gare su ba, a rabar da kuɗin ƙungiya. Abokansa sun sha ambaton wani dare a Munich ta ƙasar Jamus, a watan Maris na 1970, a matsayin ranar da suka ga ya canza musu gaba ɗaya. A watan Mayu ya tafi. Daga baya likitoci suka tabbatar yana da taɓin hankali, ya yi shekaru yana shiga asibiti yana fita.

Ba su gama farfaɗowa ba, ana wata ga wata. A watan Fabrairu na 1971 suna Los Angeles, saura 'yan sa'o'i su hau dandamali a gidan wasa na Whisky a Go Go, Jeremy Spencer ya fita daga masauki da sunan zai je kantin littattafai ya dawo. Bai dawo ba. Kwanaki aka yi ana nemansa, aka same shi ya aske kansa ya shiga wata ƙungiyar addini mai suna Children of God. Sai da aka roƙi Green ya zo ya ƙarasa musu rangadin. Cikin wata tara ƙungiya ta rasa biyu daga cikin masu jitarta uku. Wanda ya rage shi ne Kirwan, saurayi ɗan shekara 20, mai baiwa ƙwarai amma zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi, ga kuma giya ta fara cinsa.

A wannan hali Bob Welch ya same su. Haifaffen Los Angeles ne, an haife shi a 1945, a lokacin yana zaune a Paris ba ko sisi, ƙungiyarsa ta watse. Wata ƙawar su Fleetwood, Judy Wong, ita ta ba da sunansa. Ya ƙetaro Ingila ya tarar da su a Benifold, wani tsohon gida a karkarar Hampshire inda suke zaune gaba ɗaya da matansu da 'ya'yansu. Shi ne Ba'amurke na farko da ya shiga ƙungiyar. Kuma ba ɗaukaka ya shigo ya tarar ba. Mutanen Ingila sun riga sun juya musu baya tun tafiyar Green, abin da ya rage musu shi ne zagaye a jami'o'i da ƙananan gidajen wasa na Amurka.

Daga 1971 zuwa 1974 ya yi faifai biyar da su: Future Games, Bare Trees, Penguin, Mystery to Me, da Heroes Are Hard to Find. Ku dubi lissafin da kyau. Green, wanda ba mai ja da girmansa, faifai uku na situdiyo ya yi da ƙungiyar kafin ya tafi. Welch ya fi shi yawa, ya fi Spencer, ya fi Kirwan. Ba ina nufin yawa ya fi inganci ba ne, kuma ba na neman a rage wa marigayi Green da marigayi Kirwan ko Spencer komai. Ina nufin duk ma'aunin da ya ɗauki waɗancan ukun ba zai iya zubar da wannan ba. A kunnena ma, kuma na saurari faya-fayan nan fiye da yadda zan ƙirga, a hannun Welch da Christine McVie ne sautin ya sauya. Kiɗan blues mai kaushi na Landan ya yi laushi, muryoyi suka fara hawa kan juna, namiji da mace suna karɓa-karɓa. Duk wanda ya ji waƙarsa Hypnotized ta 1973 sannan ya ji abin da ƙungiyar ta yi bayan 1975 zai gane hanya ɗaya ce, an dai ƙara mata faɗi.

Amma ba waƙa ce babbar hujjata ba. Hujjata ita ce abin da ya jure. A watan Agusta na 1972, suna rangadi a Amurka, gardama ta kaure tsakanin Kirwan da Welch a bayan dandamali a kan saitin jita. Kirwan ya fusata, ya buga kansa da bango har jini ya fito, ya farfasa jitarsa, ya ce ba zai hau ba. Jama'a kuwa sun cika suna jira. Welch ne ya fita ya ɗauki nasa kason ya haɗa da na Kirwan a daren nan. Aka sallami Kirwan, wanda daga baya ya yi shekaru yana kwana a gidajen marasa galihu a Landan. Aka ɗauko Bob Weston da Dave Walker. Walker bai yi shekara ba aka ga bai dace ba, ya tafi. Weston kuma, a 1973, aka gano yana neman matar Fleetwood, Jenny Boyd. Fleetwood ya daure ya ci gaba da kaɗa ganga a bayan mutumin da ya ci amanarsa, har ya kai inda ba zai iya ba. A watan Oktoba, a garin Lincoln na jihar Nebraska, aka kori Weston aka soke sauran wasannin. A wannan lokaci auren John da Christine ma ya fara tangal-tangal saboda shan John.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manajansu, Clifford Davis, ya ce ai sunan Fleetwood Mac mallakarsa ne. Ya tara wasu makaɗa daban, ba ko mutum ɗaya na ainihi a cikinsu, ya tura su Amurka a farkon 1974 suna wasa da sunan. Mutane suka sayi tikiti, aka buɗe labule suka ga baƙin fuskoki. Ina so ku tsaya a nan ku yi tunani. Ƙungiya ta kai matsayin da sai ta je kotu ta tabbatar cewa Fleetwood da McVie su ne Fleetwood Mac. Kusan shekara guda ba su hau dandamali ba, kuɗi ba ya shigowa, shari'a na cin wanda ya rage. Duk wani mai hankali da ba sunansa ne a jikin allon ba, da ya tattara nasa ya nasa ya kama gabansa, ba wanda zai zarge shi.

Welch bai tafi ba. Ya koma garinsu Los Angeles ya shiga bin lauyoyi, ya gane cewa kamfaninsu na Warner ya fara mantawa da su saboda suna can ƙetaren teku, ya dage wa sauran ukun cewa su tattaro su dawo Kalifoniya kusa da kamfanin. Christine ba ta so barin Ingila ba, amma suka yarda. Suka ajiye batun manaja suka riƙe harkarsu da kansu. Su huɗu kacal suka yi Heroes Are Hard to Find, Welch shi kaɗai ne mai jita, shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙin, kuma faifan ya shiga sahun 40 na farko a Amurka, abin da ba su taɓa samu ba a can. A watan Disamba na 1974, ya gaji liƙis, aurensa na rushewa, ya ce ya isa.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. Fleetwood ya shiga situdiyon Sound City a unguwar Van Nuys yana neman wurin ɗaukar faifai, injiniya Keith Olsen ya kunna masa aikin wasu matasa biyu don ya ji ingancin ɗakin, ya ji jitar Buckingham. Buckingham ya ce ba ya zuwa sai da Nicks. Faifan 1975 ya kai na ɗaya, Rumours na 1977 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Tambayata gare ku ɗaya ce: me ya kai Fleetwood Van Nuys? Da suna can Hampshire suna jiran hukuncin kotu, da wa zai kunna masa wannan faifai? Da ƙungiyar ta mutu a 1974, kamar yadda duk alamu suka nuna za ta mutu, da ba ku sami abin karramawa a 1998 ba sai shekaru ukun Green. Fleetwood da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa, ya yaba wa Welch da cewa shi ya ceci ƙungiyar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, haka muke cewa in wani ya sha wahala wani ya ci moriya. Ba na ganin laifin Buckingham da Nicks, guminsu suka ci. Amma karramawa ba ciniki ba ce da za a ce wanda ya fi kawo riba shi kaɗai za a kira.

Na san abin da ake faɗa. A 1994 Welch ya kai tsofaffin abokansa da kamfanin Warner kotu, yana cewa an tauye masa kasonsa na cinikin faya-fayan nan biyar. An yi sulhu a 1996, amma zukata ba su huce ba lokacin da bikinku ya zo, shi ma da farko ya ɗauka wannan ne ya sa aka cire shi. Daga baya, bayan sun shirya da Fleetwood, ya daina zargin abokansa ya mai da maganar kan kwamitinku. Ko wanne ne gaskiya, amsar tana wurinku. In rigimar kuɗi ce ta hana, to ku ba ɓangare ba ne a shari'ar, kuma mutum ba ya rasa aikin da ya yi don ya nemi haƙƙinsa a gaban alƙali. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Mutanen nan dai su ne, a 1977, suna tsakiyar ɗaukakarsu, suka shiga situdiyo suka taya shi sake ɗaukar Sentimental Lady, waƙar da ya fara yi a Bare Trees: Fleetwood a kan ganga, Christine da Buckingham suna amshi. Ta shiga sahun goma na farko a Amurka, faifan da ke ɗauke da ita ya haura kwafi miliyan ɗaya. In kuwa cewa za ku yi mutanen sun yi yawa, dole a tsaya a wani wuri, to na yarda a tsaya. Ba na roƙon ku shigar da Brunning ko Walker ko Weston, ko Billy Burnette da Rick Vito da suka zo bayan Buckingham ya fita a 1987, duk da cewa Burnette ma yana da abin faɗa. Amma a daren nan na 1998, a kan dandamali ɗaya, kun shigar da ƙungiyar Eagles da mutanenta bakwai cif, na farko da na baya, waɗanda suka fita cikin fushi da waɗanda suka maye gurbinsu, ba ku bar kowa ba. Shekara huɗu kafin nan kun shigar da mutum 12 na Grateful Dead, har da marubucin waƙoƙinsu wanda ba ya hawa dandamali.

Abin da ya fi ƙarfafa mini guiwar rubuto muku shi ne kun taɓa gyara irin wannan kuskure. A watan Afrilu na 2012 kun dawo kun shigar da tawagogi shida da kuka bari a baya lokacin da kuka karrama shugabanninsu su kaɗai: Famous Flames na James Brown, Miracles na Smokey Robinson, Crickets na Buddy Holly, Comets na Bill Haley, Midnighters na Hank Ballard, da Blue Caps na Gene Vincent. Shi Gene Vincent a 1998 kuka shigar da shi, a biki ɗaya da Fleetwood Mac. Ke nan jerin wannan shekarar kun riga kun buɗe shi sau ɗaya kun ƙara suna, kuma ba wanda ya ce darajarku ta ragu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba a cika wata biyu da wannan gyara ba, ranar 7 ga Yuni, 2012, Bob Welch ya rasu a gidansa a Nashville yana da shekara 66. Shi ya ɗauki ransa, bayan aikin tiyata a ƙashin baya wanda bai ba shi sauƙi ba. Ba na ɗora muku alhakin wannan ko kaɗan, ciwo ne da abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yana raye lokacin da kuka buɗe ƙofar gyara, yana nan a ƙasarku, kuma ba a kira shi ba. A rediyo na ji labarin rasuwar. Na shiga ɗaki na jawo tsohuwar jakar da nake ajiyar kaset, na sami nawa na Bare Trees, wanda maigida ya bar ni na juya wa kaina da kuɗin sallah. Tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, amma sunaye biyar ɗin suna nan da ƙaramin rubutuna na yaro, nasa shi ne na ƙarshe, a matse a gefen takarda.

Kada ku ce ina ruwan mutumin Jos da wannan magana. Kiɗan nan ya iso mu tun da daɗewa, Fleetwood da kansa ya zo Accra a 1981 ya ɗauki faifai tare da makaɗan Ghana. Yaranmu kuma yanzu a waya suke haɗuwa da waƙoƙin, in suna son sanin su wane ne suka yi, jerinku suke dubawa su ɗauka shi ne magana ta ƙarshe. Kirwan ya rasu a 2018, Green a 2020, Christine a 2022. Waɗanda suka ga shekarun Benifold da idonsu sun kusa ƙarewa, amma kuna iya tambayar waɗanda suka rage ko abin da na faɗa haka yake.

Roƙona shi ne ku kafa irin kwamitin da kuka kafa a 2012, ya duba shekarun 1971 zuwa 1974, ku ƙara sunan Robert Welch a jerin 'yan Fleetwood Mac da kuka karrama, a shafinku na intanet da kuma jikin bangon gidanku na Cleveland. Ba sai an yi biki ba, ba sai an kira 'yan jarida ba. In kuma kun duba kun ga ba zai yiwu ba, to ku fito ku faɗi dalili a rubuce, da sunan hukumarku, domin mu da muka rubuta sunansa da hannunmu mu san abin da ya sa ku ba ku rubuta ba.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani tsohon yaron shagon kaset,
Jos, Najeriya.